Dabinon da Aminina Ya Tauna

A shekarar da aka rufe masallatan Juma'a saboda korona, muka riƙa yin azahar a zaure ranar Juma'a muna kallon juna kamar masu laifi, a shekarar ce autata ta zo gida haihuwar fari. Mijinta ma'aikacin gwamnati ne, suna zaune a Kambarawa. Da cikin ya tsufa sai ya kawo ta nan Ƙofar Sauri wurin mahaifiyarta, ta haihu ta yi wanka a gida. A lokacin tana karatun digiri na biyu a kan ƙwayoyin cuta, an rufe makarantu, ta zo da littattafanta cikin kwali ta tura ƙarƙashin gado.

Ina da amini, tare muka tashi. Dabino yake sayarwa a kasuwa, ya je Makka kafin ni, don haka nake ce masa Alhaji, shi kuma ya ce mani Malam, in yana son tsokana ya ce tsoho, alhali ya girme ni da damina guda. Duk 'ya'yan da na haifa shi ya yi masu tahniki. Wato a tauna dabino har ya narke, a lakato da yatsa a shafa a ganɗar jariri, ya zama abu mai zaƙi ne ya fara shiga cikinsa, daga bakin mutumin kirki. Ba kowa ake ba wannan aiki ba. Ana duba bakin da aka yarda da shi. Lokacin da aka yi mani haihuwar fari mahaifina ya rasu, na duba dattawan unguwa kaf, na tsallake su na kira sa'ana, don ban taɓa jin ƙarya ta fito daga bakinsa ba, ko a ciniki.

Autata ta haifi namiji a asibiti, washegari aka sallamo su. Na ce a kira mani Alhaji. Sai ta aiko mahaifiyarta ta ce in leƙo.

Tana kwance, jaririn a gefenta cikin zani. Ta ce, "Baba, ba zan hana abin da aka yi mani ba. Amma ka tambaye shi. In shi ko wani a gidansa yana tari, a haƙura, ko kai ka yi."

Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

Na aika tun da hantsi, bai zo ba sai bayan la'asar, kuma ba halinsa ba ne. Na ɗauka dokar hana fita ce. Ya yi sallama, ya tsaya a bakin zaure, muka gaisa yadda muka saba, gajiya da gida da iyali da kasuwa da aka rufe. Ana cikin haka ya juya fuska ya yi tari cikin hannun rigarsa, busasshen tari, mai ɗan tsawo.

Na ce, "Alhaji, wannan tari fa?"

Ya ce, "Ƙurar buhu ce, Malam. Kasuwa a rufe, ina ta juya kaya kada ƙwari su cinye mani jari."

"Gida fa? Yaran nan?"

"Lafiya lau."

Na ce, "Ba gaisuwa nike ba yanzu, mun gama gaisuwa. Tambaya nike. Ɗiyarka ce ta ce in tambaye ka. Akwai mai tari a gidanka?"

Ya yi dariya. Ya ce, "'Yar boko ta haihu, mun shiga uku. Ka ce mata babu. Ko sai na kawo mata takardar likita, tsoho?"

Na shiga na ce mata, "Na tambaye shi, ya ce babu." Ta dube ni, ta ce to. Na ɗauko jaririn da hannuna na kai zaure. Alhaji ya ciro dabino mai laushi daga aljihu, ya yi bisimilla, ya tauna. Ya sunkuya har gemunsa na taɓa zanin, ya shafa, yaron ya motsa baki yana tsotso. Ya daɗe a sunkuye yana yi masa addu'a a fuska. Ni kuwa ina tsaye ina cewa amin, zuciyata fari ƙal.

Aka yi suna ba taro, daga limamin unguwa sai mu 'yan gida. Bayan suna da 'yan kwanaki yaron ya fara majina. Muka ce mura ce. Sai tari ya biyo baya, kuma ba irin wanda na sani ba. Yakan yi shi a jere, ba ya samun sararin jan numfashi, fuskarsa ta yi jawur, sannan leɓɓansa su yi duhu. Wani lokaci ma ba ya tarin, numfashin ne kawai zai tsaya, uwar ta girgiza shi tana kiran sunan Allah har ya dawo. Matata ta tsaya a kansa ta saurara, ta fito tsakar gida ta ce mani a hankali, "Malam, tarin shiƙa ne. Shi ya ɗauki ƙanena muna yara."

Muka kai shi asibiti, aka kwantar da su a sashen yara, aka sa masa robar iska a hanci. Likitar ta ce haka ne, abin da matata ta faɗa ne. Ta ce akwai allurar rigakafinsa, amma ba a fara yi wa jariri sai ya kai wata ɗaya da rabi, shi kuwa bai kai ba. Ta ce manya sukan ɗauke shi kamar tari na banza, su yi ta yawo da shi, a jikin jariri ne yake nuna ko shi wane ne.

Wata rana da tsakar rana ina zaune a benci a baranda, da kwanon abinci a gefena, ina jiran a ba da izinin shiga. Sai ga wata mata ta durƙusa tana gaishe ni, da yaro ɗan shekara biyu a bayanta. Na duba, ashe matar babban ɗan Alhaji ce, gida ɗaya suke zaune da shi. Na ce me ya kawo ta. Ta ce yaron ne, tarin ya ƙi barinsa, yana ci yana amai, ya rame.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Ai Baba, mun daɗe. Tun kafin haihuwar nan taku. Yayyensa suka fara, sai shi, har Alhaji ma ya taɓa. Shi ya ce mana shiƙa ce, da ya ji yadda suke jan numfashi. Har ruga ya aika aka nemo nonon jaki aka ba su. Ya ce kada wanda ya faɗa a waje, kada masu fararen kayan nan na korona su zo su kwashe mu a killace."

Ba da wata manufa ta faɗa ba. Hira take yi da aminin surukinta. Ta tambayi jikin jaririn, ta yi addu'a, ta tashi ta bi layin karɓar magani. Na zauna a bencin nan har aka buɗe ƙofa, mutane suka shiga suka fito, ban tashi ba. Abin da yake ta dawo mani shi ne muryata, ba tasa ba. Na tambaye shi, ya ce babu. Ya ɗora mani ƙarya a kai, na ɗauka da ƙafata na kai wa ɗiyata har bakin gado.

Yaron bai kai arba'in ba. Allah ya karɓi abinsa da safe, ranar wata Talata. Ruwan wankan jego da ake dafawa a bayan ɗaki aka ci gaba da dafawa, don jikin uwar yana bukata, kuma ban san wani abu da ya fi hayaƙin nan ciwo a idona ba. Alhaji ya zo jana'iza, ya tsaya a sahu kafaɗarsa na gugar tawa. Ya zauna zaman gaisuwa yana amsa wa mutane a madadina.

Na bari aka watse, na same shi a ɗakin da yake ajiye kaya, yana zaune a kan buhu.

Na ce, "Na haɗu da matar ɗanka a asibiti."

Ya ciro carbi yana murzawa.

Na ce, "Na tambaye ka sau biyu, Alhaji."

Ya ce, "Malam, kai ne mai karatu. Kwana ya ƙare. Ko na zo ko ban zo ba, abin da aka rubuta ba ya gogewa."

Na ce, "Ban zo tambayarka abin da aka rubuta ba, wannan na yarda da shi tun kafin in fito daga gida. Tare muka zauna gaban malami ɗaya aka karanta mana cewa mai ciwo mai yaɗuwa ba ya kutsawa cikin masu lafiya. Abin da ka ce mani nike tambaya. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri."

Na jira. Bai ƙara komai ba. Na sa takalmina.

Addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa ba, ni kuma ba zan sayi zunubi saboda shi ba. Don haka ban daina gaishe shi ba. Da aka buɗe masallatai muka koma sahu ɗaya. Kullum bayan sallama sai mu miƙa wa juna hannu. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina gida, lafiya lau. Ina labari, sai alheri. Ba na tsallake ko ɗaya, shi ma haka. Wanda ya gan mu zai ce ga aminai. Amma ban ƙara zama a rumfarsa ba, bai ƙara ce mani tsoho ba, kuma duk azumin da ya aiko da dabino sai in sa a kai masallaci a raba wa masu buɗe baki. Haka muka yi shekaru.

Autata ta koma karatu. Ta sauya abin da take bincike a kai, ta koma kan ƙwayar tarin shiƙa. Mahaifiyarta ta ce wannan tonon ciwo ne. Takan tafi wani ɗakin bincike a kudu ta yi watanni, ta dawo. Allah ya sake ba ta haihuwa, mace, ni na yi mata tahniki, an yi mata allurai duka a kan lokaci.

Wata ranar Asabar ta zo yini. Ina tsakar gida ina dama tawada da ƙaro, don har yanzu da alƙalamin kara nake rubutu, wannan ma da ajami na fara sa shi a takarda. Ta zauna a tabarma tana duba wasu hotuna a kwamfutarta. Na ce ta nuna mani abin da ya ɗauke mani jika.

Ta juyo da allon. Wasu 'yan ƙwayoyi ne gajeru, kamar tsabar shinkafa da aka karya.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan, Baba. Ka ɗauka 'yar jaka ce mai fata biyu, ta ciki da ta waje. Ta wajen ita ce aikina. Jikinta cike yake da wasu 'yan gashi a tsaitsaye. Saiwarsu kitse ce, a dashe cikin fatar. Abin da ya fito waje kuma sukari ne, ɗaya haɗe da ɗaya kamar 'ya'yan carbi."

"Sukari? Na shayi?"

Ta yi dariya. "Danginsa ne na nesa. Ba za ka so shi a shayinka ba. Tana da 'yar uwa da ke kama karnuka, ita carbinta dogo ne. Na wannan gajere ne, 'ya'ya uku ne a ƙarshensa, kuma ukun nan suna aiki. A cikin huhu Allah ya sa wani ruwa mai santsi, a cikinsa akwai abubuwan da ke cafke ƙwayar cuta su huda fatarta. Sukarin nan na ƙarshe yana hana su isa. Akwai kuma wani guda a can ƙasa, kusa da saiwa. Shi yana rufe wuraren da ƙananan makaman jiki ke maƙalewa, yana kuma sa gashin su matsu da juna. In aka cire shi sai fatar ta saki, abin da da ba ya iya shiga ya fara shiga."

Na ce, "Makuba ke nan. Bangon ƙasa in ba a shafe shi da makuba ba, damina ɗaya ta isa."

Ta ce, "Kusan haka. Sai dai bango ba ya ci ba ya sha. Ita fatar nan dole ta bar abinci ya shiga, kuma ta nan take fitar da dafin da ke lalata hanyar numfashi. In ta matse da yawa matsala, in ta saki matsala. Abin da muke so mu gane shi ne, in an taɓa sukarin nan, me da me ke lalacewa a aikin fatar. Wataƙila wata rana a samu inda za a kama ta. Ba mu gama sani ba."

Na daɗe ina kallon hoton. Halitta ce da ido ba ya gani, amma an yi mata sutura daidai jikinta, ba a manta da komai ba. Na yi tasbihi, ban kuma ji daɗin yinsa ba, Allah ya yafe mani. Na buɗe baki zan ce wani abu a kan zaƙi a waje da cuta a ciki, ta riga ni.

"Baba, kada ka mai da shi wa'azi. Ita ba ta yaudari kowa ba, rayuwarta take yi."

Na ce, "To Alhaji fa?"

Ta rufe kwamfutar. Ta ce, "Ba zan iya rantsuwa cewa daga bakinsa ta fito ba. Unguwar nan a lokacin ba gidansa kaɗai ake tarin ba. Zato mai ƙarfi ne, amma zato ne. Ni na yafe masa tun kafin in haifi wannan, don ba zan iya ɗaukar ciki da shi a zuciyata ba. Kai ne kake binsa bashi."

Na ce, "Ban ce ya dawo mani da yaro ba. Kalma ɗaya ce."

Ta ce, "Na sani." Ta tashi ta shiga wurin mahaifiyarta.

A daminar bara matar nan da na haɗu da ita a asibiti ta sake haihuwa. Da hantsi sai ga mijinta, babban ɗan Alhaji, ya durƙusa a zaure ya ajiye ƙullin dabino a gabana. Ya ce, "Baba ya ce kai za ka yi wa yaron tahniki."

Na gane saƙon. Yana so a ɗinke ba tare da an buɗe ba. Ya ba ni jikansa, in na karɓa shi ke nan, magana ta wuce. Ban san abin da zan yi ba da a ce lafiyata ƙalau. Amma ruwa ya dake ni a hanyar masallaci a makon, ina fama da mura da tari. Na ce, "Ka ce masa na gode. Ka ce masa ina tari, ba zan matso kusa da jariri ba."

Bayan azahar na ji sandarsa a ƙofar gida. Ina zaune a dakali. Bai yi doguwar gaisuwa ba, sallama kawai ya yi.

Ya ce, "Malam, ramuwa ce? A gaban ɗana?"

Zan ba shi amsa tarin ya taso mani. Na juya na yi shi cikin hannun riga har idona ya kawo ruwa. Da na ɗago yana tsaye yana kallona, bakinsa a ɗan buɗe. Ya tsufa ƙwarai, ban lura ba sai ran nan, ko da yake kullum ina riƙe hannunsa.

Ya zauna a ɗaya ƙarshen dakalin. Wani mai kura ya wuce da jarkokin ruwa, muka bi shi da kallo har ya sha kwana.

Ya ce, "Ni ma ran nan ina tari. Ba ƙurar buhu ba ce."

Na juyo na dube shi.

Ya ce, "Na sani, Malam. Na san ko wane iri ne, ni na faɗa wa mutanen gidana sunansa. Tun hantsi da ka aiko nike shiga ina fita. Na ji tsoron a zo a kwashe mani iyali, wannan gaskiya ne. Amma ba shi kaɗai ba ne. Na ce in ban zo ba wani za ka kira. Duk 'ya'yanka ni ne, sai jikanka na wurin auta a ba wani? Na ce dabino ɗaya ne, yanzu zan fito. Ka tambaye ni sau biyu, na yi maka ƙarya sau biyu. Da ka zo mani kuma na ɓuya a bayan ƙaddara."

Na daɗe ina jiran maganar nan, na sha tsara amsar da zan ba shi. Da ta zo sai na ga ba ta da girman da na zata. Ba ta dawo da komai ba. Amma ita ce abin da nake bi, kuma ya kawo ta cikakkiya, bai rage ba.

Na ce, "Na karɓa, Alhaji. Na yafe. Allah ya yafe mana."

Na shiga zaure na ɗauko ƙullin dabinon na ajiye a tsakaninmu. Na ce ya kai wa liman ya yi wa jaririn tahniki, amma ya tambaye shi lafiyarsa tukuna, bayan an gama gaisuwa. Ya ɗauka ya sa a aljihu. Ya share fuska da bakin rawani, ya dafa sanda kamar zai tashi, sai ya fasa.

Ya ce, "Ban ma gaishe ka ba. Ina gajiya, tsoho?"

Na ce, "Akwai gajiya."

Ya gyaɗa kai. Muka zauna a nan, shi a can ni a nan saboda tarin, har aka kira la'asar.